Zauren Matafiya: "Kawu, wannan jus ɗin da ake zubawa cikin abarba, ana sha?"

Assalamu alaikum ƴan Damagaram da na kewaye, da ƴan uwa da ke karanta mu daga ƙetare. Wasiƙun wannan karon da yawa a kan abu guda suka zo, wato wuraren shaƙatawan nan da ake kira tiki da abin da ake ci ake sha a cikinsu, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Kamar kullum ba na sa sunan kowa.

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, ya iyali ya zafi. Ni na gama jami'ar André Salifou nan Zinder, Allah ya yi na samu wani sitaj na wata uku a Amurka, jihar Kaliforniya. To abokan aikin da zan tarar can sun sa ni a gurup ɗinsu na WhatsApp, har sun ce in na iso za su kai ni wani wuri tiki bar su yi mini maraba, sun turo hotuna na ga wurin kaman bukka mai rufin ciyawa, kowa riƙe da abarba an fafe ta an sa mata ɗan bututun zuƙa da ƴar lema a kai. Ni dai a ido jus na gani. Na tambayi ɗayansu ya ce kar in damu duk ƴaƴan itace ne. Kawu mene ne gaskiyar abin, ina iya sha? Kuma in na ƙi zuwa ba za su ce na raina su ba? Daga ɗanka, unguwar Birni.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ya sa albarka a abin da za a koyo. Amsar a taƙaice ita ce a'a, kar ka sha abin da ke cikin abarbar nan sai in kai da bakinka ka ce a haɗa maka wanda babu giya kuma ka tabbatar. Abokin naka ba lalle ƙarya ya yi niyyar yi maka ba, a wajensu abu in yana da ruwan abarba da lemun tsami da kwakwa to "ƴaƴan itace" ne, giyar da ke ciki ba sa ma lissafa ta don sun ɗauka kowa ya sani. Amma tana ciki, kuma da yawa.

Bari in ba ka labarin wurin don ka gane da me kake mu'amala. Daga 1920 zuwa ƙarshen 1933 an haramta sayar da giya a duk faɗin Amurka. Da aka ɗage dokar sai wani matashi mai suna Ernest Gantt, wanda ya sha yawo a tsibiran Karebiyan da na tekun Fasifik, ya buɗe wata ƴar ƙaramar mashaya a Hollywood ya sa mata suna Don the Beachcomber, ya cika ta da gora da ragar kamun kifi da tarkacen da ya kwaso a tafiye-tafiyensa, har daga baya shi kansa ya canza suna ya koma Donn Beach. Giyar da ta fi araha a lokacin ita ce rum, wadda masu Faransanci ke rubutawa rhum, ana yin ta da rake ne a su Jamaika da Barbados da Martinik, kuma Amurkawan wancan zamani suna kallonta a matsayin giyar talakawa da ƴan jirgin ruwa. To dabarar da mutumin ya yi ita ce ya lulluɓe ta da ruwan ƴaƴan itace da siro da kayan ƙamshi har ta daina ɗanɗanon giya, ya ƙawata kofin, ya sayar wa taurarin fim da tsada. Ba ma a gaban mutane ake haɗawa ba, a ɗakin baya ma'aikatansa suke yi, yawancinsu ƴan Filifin, kuma kwalaben da suke zubawa daga ciki lamba ce kawai a jikinsu don kada ma'aikaci ya san sirrin ya kai wa wani. Ka ga tun daga tushe sana'ar an gina ta a kan mai sha bai san ainihin abin da ke cikin kofinsa ba.

Can a Oakland kuma, wato cikin jihar da za ka je, wani Victor Bergeron mai wata mashaya da ya buɗe a 1934 ya ga abin yana ci, sai ya kwaikwaya ya mai da wurinsa Trader Vic's. Bayan yaƙin duniya na biyu sojojin da suka yi zama a tsibiran Fasifik suka dawo gida da begen can, ga shi Hawai ta zama jiha ta hamsin a 1959, sai abin ya bazu ko'ina, manyan otel-otel kowa na son a ce yana da nasa. A San Faransisko akwai Tonga Room cikin otel ɗin Fairmont tun 1945, da tafki a tsakiyar ɗaki makaɗa na kiɗa a kan kwale-kwale, jifa-jifa a sako ruwan sama na ƙarya har da tsawa. Ina faɗa maka wannan ne don ka san wurin zai burge ka, ba wasa ba, ɗan Damagaram da ya san yadda ake jiran ruwan pampo ya ga ana zubar da ruwa daga rufin ɗaki don nishaɗi kawai dole ya tsaya kallo, kuma a irin wannan lokacin da hankali ya tafi kallo ne ake miƙo wa mutum kofi ya karɓa.

Sunayen da za ka gani a takardar abin sha ga su. Mai Tai, wanda Bergeron ya ce shi ya ƙirƙiro a 1944, rum ne da lemun tsami da wata giyar ɓawon lemu da siron almon. Zombie na Donn Beach ne, rum iri uku ake haɗawa a kofi guda, jimilla wajen mililita 120, ɗaya daga cikinsu ma ƙarfinsa ya wuce kashi 75 cikin ɗari alhali rum na yau da kullum kashi 40 ne, shi ya sa mai wurin da kansa ya kafa doka ba a sayar wa mutum ɗaya fiye da biyu. Piña colada ita ce farar nan mai kauri da aka fi zubawa cikin abarba, daga Fwato Riko take, abarba da madarar kwakwa da rum. Blue Hawaii shuɗi ne, Painkiller kuma abarba da lemu da kwakwa, duk da rum. Sai wanda na fi ji maka tsoro, Scorpion Bowl, wata babbar tasa ce ake ajiyewa a tsakiyar tebur da dogayen bututu kowa ya zuƙa, wani lokaci har da wuta na ci a tsakiya. Mu da muka tashi da cin tuwo a akushi ɗaya, in aka ce bismillah sa hannu kunya ba ta barin mu mu ƙi, to wannan kam ka ƙi, da murmushi, amma ka ƙi.

Kuma kar wani ya ce maka ai ɗan kaɗan ne. Aya ta 90 ta suratul Ma'ida ka san ta, kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya rufe wannan ƙofar, abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Yanzu abin da za ka iya sha. Kusan duk wuraren nan suna da sashen marasa giya, a takarda za ka ga an rubuta mocktail ko zero proof ko virgin, a ƙasashen Faransanci kuma sans alcool. Virgin piña colada abarba ce da kwakwa da ƙanƙara kawai, kuma wallahi tana da daɗi. Amma ka ƙara wa mai haɗawar magana biyu. Ka ce kada ya ɗiga maka bitters, wata ƴar kwalba ce ƙarama da ake yayyafawa don ƙamshi, fitacciyarta Angostura kashi 44.7 cikin ɗari giya ce, kuma da yawansu ba sa ɗaukarta a matsayin giya don ɗigo biyu uku suke sawa. Sannan ka tambaya ko akwai falernum, siro ne na citta da kanumfari da lemun tsami, akwai mai giya akwai marar giya. Ka faɗi dalilinka a fili, ka ce ni Musulmi ne ba na shan giya ko ɗigo, masu aikin nan sun saba jin haka daga mata masu ciki da masu shan magani da waɗanda suka tuba da sha, ba wanda zai yi maka kallon banza. Ka je wajen kantar da kanka ka tsaya a haɗa a gabanka, kuma in an kawo kofuna shida masu kama ɗaya a faranti guda kada ka ɗauka da ka, ka sa garson ya nuna maka naka, ka shinshina kafin ka kurɓa.

Saura maganar zuwan kanta, kuma nan zan gaya maka ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Akwai hadisi a Tirmizi cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya, kuma tiki bar ba gidan abinci ba ne da ake sayar da giya a gefe, giyar ce ainihin sana'ar. Da ɗan cikina ne sai in ce tun yanzu kafin ka hau jirgi ka rubuta musu a gurup ɗin, ka gode musu sosai, ka ce ba ka zuwa mashaya, amma za ka yi murna in an haɗu a gidan abinci ko wurin shan kofi. Mutanen da har suka yi tunanin yi maka maraba ba za su ƙi canza wuri ba, kuma faɗa tun da wuri ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ka faɗa bayan an zauna an yi oda. In ma ka fi ƙarfin hali ka tafi da kilishi da alkakinmu na Damagaram ka ce kai za ka yi musu liyafa, sai dai fa kilishin a ranka zai tsaya don kwastan ɗin Amurka ba sa barin a shigar da nama, alkakin dai ka bayyana shi a takarda in ka sauka.

TAMBAYA: Kawu barka da war haka. Ni zan je ganin ƴata da ta haihu a Amurka, jihar Fulorida. Mijinta ya ce in na huta za su kai ni wani gidan abinci mai suna Mai-Kai in ga rawar mutanen tsibiri da wasan wuta, ya ce akwai ɓangaren iyali ba sai an shiga wajen masu sha ba. Ni ruwa kawai zan sha, abincin ne damuwata, ban san abin da zan ce a kawo mini ba kuma ba na son in kunyata surukina. Daga wata Hajiya, Sabon Gari.

AMSA: Hajiya barka da arziki, Allah ya raya, ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne ko mahaddaciya. Wurin da ya faɗa tsohon wuri ne, a Fort Lauderdale yake tun 1956. Kuma kin yi daidai da kika damu da abincin, don a irin gidajen nan alade ya fi ɓuya a faranti fiye da yadda giya ke ɓuya a kofi.

Abin da mutane ba su sani ba, yawancin abin da ake kira abincin tsibiri a wuraren nan girkin ƴan Sin ne mazauna Amurka aka ƙara masa abarba, don tun farko masu dafa abinci ƴan Sin su Donn Beach suka ɗauka, kuma girkin kudancin Sin alade ne ginshiƙinsa. Abu na farko da ake kawowa shi ne pupu platter, babban faranti mai gida-gida da ƴar wuta a tsakiya, an jera ƙananan soye-soye kowa ya ɗauka. A ciki yawanci akwai haƙarƙari mai jan romo mai ƙyalli, wannan na alade ne. Akwai egg roll, wani naɗaɗɗen abu soyayye, sunan kamar na ƙwai amma cikinsa kabeji ne da niƙaƙƙen alade. Akwai rumaki, hantar kaza ce amma an naɗe ta da siririn naman alade, kuma kitsensa ya riga ya ratsa ta, cire naɗin ba ya gyara komai. Duk inda kika ji kalua ko char siu ko Spam ko ham ko bacon, to alade ne. Soyayyar shinkafa ma ki lura, waɗannan ƴan jajayen gutsattsarin da ke ciki sau da yawa shi ne.

Inda za ki sake ki ci shi ne kayan ruwa. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, kifi da jatan lande da ƙaguwa duka. Gasasshen kifi da farar shinkafa da kayan lambu, kin gama. Akwai kifin da suke kira mahi-mahi, tsoka ce zalla ba ƙaya da yawa, ga jatan lande da ake soyawa da garin kwakwa, ga crab rangoon wanda ƙaguwa ce da cuku a cikin ɓawon fulawa. Sai dai ki sa ƴarki ta tambaya abu biyu, ko an kwaɓa fulawar suyan da giya don akwai masu yin haka, da ko man da ake soya kifin shi ne na soya aladen. Romon teriyaki ma a asalinsa ana sa masa giyar shinkafa ta Japan, ki ce a gasa miki kifin da gishiri da lemun tsami kawai. Akwai kuma poke, ɗanyen kifi ne aka yayyanka, halal ɗinsa halal ne amma cikin da bai saba ba ban ba shi shawara ba, ga ki baƙuwa ga jego kina taya yi. Kaza da naman sa kuwa maganar yanka ce, ni dai in ba a rubuta halal ba kifi nake ci in huta.

Kayan zaƙi na ƙarshe, in kika ga an zo da ayaba ko abarba an kunna mata wuta a gabanki, rum ne aka zuba yake ci. Za a ce miki ai wuta ta cinye giyar, ba haka ba ne, wutar ƴan daƙiƙu ce kuma mafi yawan giyar tana nan. Ki ce a yanko miki ƴaƴan itace haka nan. Batun kunyatar da suruki kuma Hajiya ki cire shi a ranki, ki faɗa wa ƴarki duk wannan tun a gida ita ta yi magana da garson, ke dai ki zauna da girmanki. Ki kuma tambaye ta irin shigar masu rawar tun kafin a fita, don shigar tsibiri ce ba yalwar tufafi, kada sai an zauna gaban suruki ki rasa inda za ki sa idonki.

TAMBAYA: Kawu ni ɗan kasuwa ne ina zuwa Lome sari. Wata rana da yamma na zauna wata rumfa a bakin teku na ce a ba ni jus na ananas da koko, na sha rabi sai na ji kaina na juyawa jikina ya yi zafi, da na tambaya yaron ya ce ai koktel ne akwai rhum. Tun ranar raina bai kwanta ba. Ina da laifi? Daga ɗan Kasuwar Dole.

AMSA: Ɗan'uwa kwantar da hankalinka. Jus ka nema, ba ka sani ba, da ka sani kuma ka ajiye. Ƙarshen suratul Baƙara addu'ar da muke yi ke nan kullum, kada Ubangiji ya kama mu in mun manta ko mun yi kuskure, kuma hadisin Ibn Majah ya ce an ɗauke wa al'ummar nan kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su. Ka yi istigfari don natsuwar zuciyarka ka wuce wurin. Wannan rashin kwanciyar ran naka ma alheri ne.

Gaba dai a bakin tekun Lome ko Kwatano ka ce jus naturel sans alcool, ko mafi sauƙi ka sayi ɗanyar kwakwa a sare maka kanta da adda a gabanka ka sha ruwanta, babu mai iya sa mata komai. Kuma ka sani a rumfunan da ba su da tsari ba kullum rum na kamfani ake zubawa ba, akwai sodabi da ake dafawa da bammi a gida, akwai kuma jabun giya mai guba da ke makantar da mutum ko ta kashe shi, a watan Nuwamba na 2024 ƴan yawon buɗe ido shida suka mutu a garin Vang Vieng na ƙasar Lawos a kan irin wannan. Duk wanda ya sha abu a tafiya ya ji ganinsa na dishi-dishi ko amai ya ƙi tsayawa, asibiti zai nufa nan take, ba kwanciya ba.

TAMBAYA: Kawu yayana ya kawo mini tsarabar wani kofin tangaran daga Dubai mai fuskar mutum da manyan haƙora, ya ce na tiki ne. Mamanmu ta ce gunki ne in fitar mata da shi daga gida. Daga ƴarka, Garin Malam.

AMSA: Ƴata, Mama ba ta yi kuskure ba. Kofin dai kamfani ya yi shi don kasuwa, ba wanda ya taɓa bauta masa, amma siffar da aka kwaikwaya ta sassaƙen mutanen tsibiran Fasifik ce na allolinsu da kakanninsu, a al'adar Mawori na Niyuzilan Tiki shi ne mutum na farko, a Hawai kuma irin fuskar nan mai buɗaɗɗen baki an fi danganta ta da Ku, abin bautarsu na yaƙi. Su kansu ƴan tsibiran da yawa ransu na ɓaci da aka mai da abin da kakanninsu ke girmamawa kofin giya. Ki bi maganar Mama, ki gode wa Yaya, in zai koma ki ce ya kawo miki mai siffar abarba ko kwakwa, ana yin su.

TAMBAYA: Kawu ina yin bisap da lemun citta da na tsamiya ina sayarwa, ana kuma ba ni odar biki. Ina ganin hotunan abin shan nan masu launi hawa-hawa a Facebook, amare sun fara tambayata. Za a iya yin irinsu ba giya da kayan da muke da su nan? Daga ƙanwarka, Zango.

AMSA: Ƙanwata wannan tambayar ta faranta mini rai, kuma ƙwarai za a iya, don in aka cire rum abin da ya rage duk sana'arki ce, tsami da zaƙi da yaji da sanyi. Mutanen Karebiyan suna da wani tsohon awo da suke haɗa abin shansu da shi, ɗaya na tsami, biyu na zaƙi, uku na mai ƙarfi, huɗu na ruwa. Ke a gurbin mai ƙarfin sai ki sa ruwan citta mai kauri ko baƙin shayi da aka dafa ya yi ƙarfi ya huce, shayin yana ba da ɗan ɗaci-ɗacin da ke hana abu ya zama ruwan sukari kawai. Wato ludayi ɗaya na lemun tsami, biyu na siro, uku na citta ko shayi, huɗu na ruwan abarba ko mangwaro, ki ɗanɗana ki gyara don lemun tsaminmu wani ya fi wani kaifi.

Sirrin yana wajen siro, kuma nan za ki fi masu kwaikwayo. Ki dafa sukari kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya, ki jefa citta ɗanya da kanumfari kamar goma da sandar kirfa da ɓawon lemun tsami, koren kawai banda farin don yana ɗaci, in ya tafasa ki sauke ki rufe ya kwana, da safe ki tace. Wannan shi ne kusan falernum ɗin da na ambata a sama ba tare da giya ba. Siron almon ɗinsu kuma ba sai kin neme shi ba, ki yi kunun aya mai kauri sosai ki ƙara masa sukari, ayar Maraɗi ta ishe ki. In lokacin rake ne kika samu na wajen Matamaye aka matse miki, ruwansa ya fi sukari daɗi a haɗin abarba.

Farar nan mai kauri kuwa, ki goge kwakwa ki zuba mata ruwan ɗumi ki matse a ƙyalle mai tsabta, madarar da ta fito ki haɗa kashi ɗaya da kashi biyu na abarba nunanniya da ƙanƙara ki markaɗa a mikser, ki matsa lemun tsami kaɗan. Amma ki kiyaye, kada ki ce za ki ƙara auki da madarar gari ko nono ki ajiye, ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ke tsinka madarar dabba ya sa ta ɗaci bayan ɗan lokaci, sai ki haɗa da safe da daɗinsa a kai gidan biki da la'asar ya koma ba ya shawuwa. Madarar kwakwar ita ma ba ta jure zafinmu, ga kuran da ba a dogara da shi, don haka ranar bikin za ki matse ta, ta zauna cikin kula da ƙanƙara har lokacin zubawa. Siron ne kawai za ki iya yi tun kwana biyu kafin nan.

Launi hawa-hawa kuma nauyi ne kawai, abin da ya fi sukari shi ke nutsewa ƙasa. Ki dafa bisap mai kauri da sukari da yawa ya zama siro, ki cika kofi da ƙanƙara, ki zuba ruwan abarba ko mangwaro, sannan ki tsiyaya siron bisap ɗin a hankali ta gefen kofin, zai gangara ya kwanta ja a ƙasa rawaya a sama. Kofin gilas ko na roba mai haske za ki yi amfani da shi don a gani, kuma kada a juya sai a hannun mai sha. Ki soka ganyen na'ana'a da yankan abarba a baki. Abarbar da kika fafe kada ki yar da ƙoƙon, ki sa shi a firigo ki zuba na amarya da ango a ciki, ki caji kuɗinsa daban.

Ƙanƙarar ki tabbatar da ruwan da aka yi ta da shi, in ta hannun masu sayarwa ce a leda to ki sanyaya kwalabe da ita daga waje kawai, wadda za ta shiga kofi ki yi taki da ruwan da kika yarda da shi. Sannan sunan da za ki sa wa kayanki, don Allah kada ki kira su Mai Tai ko Zombie don a ce kin waye, yaron da ya saba shan "Mai Tai" a bikin yayarsa a Zinder shi ne gobe zai gan shi a takarda a wata ƙasa ya yi oda da gaba gaɗi. Ki sa musu sunan unguwarku ko na ƴaƴanki.

Masu tambaya a kan bizar Umra da canjin sefa a Jidda, wasiƙunku sun iso, su ne a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.